Tseren Motoci: Wa Zai Zuba Wa 'Yar Zango Jari?

Duk wanda ya san tashar mota a Paraku ko a Jugu ya san akwai gardamar da ba ta ƙarewa idan direbobi suka zauna jiran layi, wato wa ya fi wani gudu. Wannan ya ce shi tsakanin garuruwan nan biyu, tafiyar kilomita 135 ko kusa da haka, ba ya cika awa ɗaya da rabi, wancan ya rantse cewa shi ya taɓa yin ta a ƙasa da haka da fasinja cike har da kaya a bisa. Ana yi ana shewa, yaran mota kuma sun kasa kunne suna ɗaukar darasi. Idan wani ya yi tuƙin sanyi sai a ce yana tuƙi kamar mace, a kwashe da dariya.

To ga wani lissafi da ya kamata a kai wa majalisar tasha. A watan Fabrairu na 2013, a filin tseren motoci na Daytona da ke jihar Fulorida a Amurka, wata mace mai suna Danica Patrick ta yi zagayen gwaji da gudun da ya kai kilomita 316 a awa guda. Da a ce hanyar Paraku zuwa Jugu miƙaƙƙiya ce babu rami babu kwana, da wannan gudun minti 26 zai kai ta. A ranar ta fi duk mazan da suka yi gwajin gudu, aka ba ta sahun farko a tseren da ake kira Daytona 500, abin da wata mace ba ta taɓa samu ba a babban rukunin wannan wasa. Shi kuwa tseren, zagaye 200 ne a fili mai tsawon kilomita 4, jimilla sama da kilomita 800, wato ya zarce nisan Kwatano zuwa Malanbil, motoci sama da 40 suna manne da juna kamar awaki a ƙofar garke, ga zafin cikin mota yana haura na tsakiyar bazara a Kandi. Ta gama a matsayi na 8.

Ba mun kawo wannan labari ba ne don mu ce a gina irin wancan fili a Borgu ko a Donga. Ba mu da kuɗinsa, kuma muna da abubuwan da suka fi shi gaggawa. Mun kawo shi ne domin duk wanda ya bi tarihin matan da suka shiga wannan sana'a zai ga abu ɗaya yana maimaita kansa, kuma abu ne da ɗan kasuwa ya fi kowa saninsa. Ba ƙarfin damtse ne ke kai yarinya bayan sitiyari ba, kuma ba rashinsa ne ke sauke ta ba. Jari ne, da yardar wanda ke riƙe da jarin. Su biyun kuwa a zangunanmu a hannunmu suke, mu iyaye maza da iyaye mata masu rumfa da shago da sito.

Kafin mu kai can, bari mu ɗan yi wa mai karatu bayanin wasan kansa, domin asalinsa zai ba mutanen iyaka mamaki. Ana ce masa tseren motocin kasuwa, saboda da farko ba motoci na musamman ake kerawa dominsa ba, irin wadda kowa ke saye ce a wurin dillali. Daga 1920 zuwa 1933 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da giya, bayan an ɗage haramcin kuma sai ga haraji mai nauyi. Mutanen ƙauyukan kudancin ƙasar suka riƙa dafa tasu a daji, samari kuma suna kwasarta cikin dare zuwa birane. Don kada jami'an haraji su cim musu, sai su ɗauki mota wadda a ido ba ta da bambanci da ta kowa, su ƙara wa injin ƙarfi, su ƙara mata sifirin a baya yadda ko an cika ta da kaya ba za ta zauna ba, su cire kujerun baya. Ranar hutu kuma su haɗu a fili a ga motar wa ta fi. Wanda ya taɓa tsayawa a hanyar Nikki zuwa Cikanda da asuba, ya ga yadda ake loda jarkokin man kpayo a babur da tsohuwar Fijo, ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi.

A 1948 wani makanike mai suna Bill France ya tattara masu wannan wasa ya kafa ƙungiyar NASCAR, aka rubuta dokoki, aka sa alƙalai, aka tsayar da ladan da za a biya wanda ya ci. A ranar 19 ga Yuni 1949 aka yi tseren farko na babban rukuninta a garin Charlotte. Wanda ya fara isa, Glenn Dunaway, an ƙwace nasararsa saboda alƙalai sun duba ƙarƙashin motar sun tarar an taɓa sifirin ɗin baya irin na masu fasa-ƙwauri. Ɗaya daga cikin manyan gwanayen da suka biyo baya, Junior Johnson, sai da ya yi zaman kurkuku bayan an kama shi a 1956 a wurin dafa giyar mahaifinsa, ya fito ya ci gaba da tsere, a tsawon sana'arsa ya ci tsere 50. Abin da ya fi jan hankalinmu a nan shi ne, a wancan tsere na farko na 1949 akwai mace a cikin direbobin, sunanta Sara Christian, kuma motar da ta tuƙa ta mijinta ce. Wato ranar da aka fitar da gudu daga hanyar dare aka kai shi fili mai doka da alƙali, a ranar mace ta samu ƙofar shiga, kuma wani nata ne ya miƙa mata makulli.

Mu koma ga Danica. An haife ta a 1982. Iyayenta ba sarakai ba ne, ba kuma manyan gwamnati ba. 'Yan kasuwa ne, suna da kamfanin gilashi da shagon sayar da kofi a wani ƙaramin gari a jihar Ilinoyi. Tana shekara 10 suka saya mata 'yar ƙaramar motar tsere irin ta yara, uban ya zama shi ne makanikenta, ƙarshen mako duk gidan ya tashi ya bi ta fili. Tana shekara 16 suka yarda ta bar gida ta tafi Ingila koyon sana'ar. A 2005 ta zo ta 4 a babban tseren Indiyanafolis, a 2008 ta ci tsere a ƙasar Japan a rukunin motocin da ba su da rufi, daga 2010 kuma ta fara shiga motocin kasuwa. Tsakanin ranar da aka saya mata motar yara da ranar da ta tsaya a sahun farko a Daytona shekara 21 ce. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Gaskiya kuma a faɗe ta: a babban rukunin NASCAR ta yi tsere 191 ba ta ci ko ɗaya ba. Sau 7 ta shiga cikin goman farko, mafi kyau shi ne na 6 a Atlanta a 2014. Masu sukarta suna cewa suna ya fi aiki yawa, kuma suna da abin kafa hujja. Sai dai maza da yawa sun yi shekaru a wannan rukuni ba su ci ba, ba wanda ya ce saboda su maza ne. Abin da ya kawo ƙarshen zamanta shi ne kuɗi. A wannan wasa mota ba ta motsi sai wani kamfani ya biya an manna sunansa a jikinta. Kamfanin GoDaddy da ya daɗe yana ɗaukar nauyinta ya janye bayan 2015. Wani kamfanin biskit ya karɓa a kan kusan dala miliyan 15 a shekara, kuɗin da ya haura sefa biliyan 8, a 2017 maganar ta watse har ta kai gaban kotu. A ƙarshen wannan shekara ta rasa kujerarta, a 2018 ta yi tsere biyu na bankwana ta ajiye hular.

Ba ita ce farau ba. Janet Guthrie injiniyar jiragen sama ce kafin ta shiga tsere. A 1977 ta zama mace ta farko da ta shiga Daytona 500 da kuma tseren Indiyanafolis, a 1978 ta zo ta 9 a Indiyanafolis da karyayyen wuyan hannu da ta ɓoye wa mutane. Bayan 'yan shekaru ta daina, ba don ta gaza ba, don ba ta samu mai zuba kuɗi ba. A baya-bayan nan kuma ga Hailie Deegan, haifaffiyar 2001, wadda ubanta gwanin wasan babur ne ya sa ta a mota tana shekara 8. A 2018, tana shekara 17, ta ci tsere a ƙaramin rukuni na yammacin Amurka, a 2019 ta ƙara biyu. Da ta hau sama sai abin ya yi nauyi: a 2024 ta rabu da masu motarta a tsakiyar shekara bayan tsere 17, a 2025 ta koma wani rukuni daban. Hawa da sauka kenan irin na kowace kasuwa.

Akwai abin da ba za mu ɓoye wa iyaye ba a cikin wannan labari. Wani ɓangare na kuɗin da aka zuba wa Danica an same shi ne ta tallace-tallacen talabijin da aka fi nuna surarta fiye da tuƙinta, irin waɗanda babu ɗayanmu da zai so ya ga 'yarsa a ciki. Wannan ba mu yarda da shi ba, kuma ba ma kiran kowa zuwa gare shi. Amma a lura da inda matsalar ta fito. Idan yarinya ba ta da mai tsaya mata a gida, ko kuɗin gida ya ƙare, to wanda ya zo da kuɗi daga waje shi ke gindaya sharaɗi. Haka yake a Daytona, haka yake a kasuwar Arzeke. Uban da ya ƙi zuba wa 'yarsa jari yana cewa tsare ta yake yi, ya sani cewa ya bar ta ne ga mai sharaɗi.

Wani zai ce ai wannan duk labarin Amurka ne, can hanya sumul take. To mu dawo gida. A 1982 Bafaranshiya Michèle Mouton ta zo tseren ƙasar Kodebuwa, kusan kilomita 5,000 a jan ƙasa da kwazazzabai irin namu, tana neman kambun duniya bayan ta riga ta ci tseren Fotugal da Girka da Barazil a shekarar. Daf da tashi aka sanar da ita rasuwar mahaifinta, mutumin da tun farko ya saya mata motar tsere ya ce ta gwada ya gani. Ta shiga duk da haka, ta daɗe tana gaba da tazara mai yawa, motar ta riƙa ba ta matsala, kusa da ƙarshe ta kife. Bajamushe Walter Röhrl ya ɗauki kambun, ita ta zo ta biyu a duniya. A 2001 kuwa Bajamushiya Jutta Kleinschmidt ta ci tseren Faris zuwa Dakar gaba ɗaya a cikin Pajero, motar da kowane ɗan kasuwa a nan ya sani. Wannan tsere shi ne wanda mutanen Agadas suka sha ganin ƙurarsa a shekarun 1980. Yashi da rami ba su tambayi waɗannan mata jinsinsu ba.

Mai cewa kuma abin na Turawa ne, ya dubi Saudiyya. Sai a watan Yuni na 2018 aka ba mata izinin tuƙi a ƙasar. Daga 2020 tseren Dakar ya koma can, a 2022 kuma 'yan ƙasar mata biyu, Dania Akeel da Mashael Al-Obaidan, suka shiga suka kai ƙarshe. Kayan tsere ma, ga wanda bai taɓa gani ba, daga tafin ƙafa har ka a rufe suke, ga safar hannu ga hular kwano, ko ido da ƙyar ake gani. Fatawa ta malamai ce, mu ba ma shiga gonarsu. Abin da muke cewa kawai shi ne, a Paraku mata nawa ne ke hawa babur kullum su kai yara makaranta su wuce kasuwa, da lulluɓinsu, ba wanda ya ɗaga kai ya kalle su? Wace aya ce ta halatta ƙafa biyu ta haramta huɗu?

Kuma ba yau matanmu suka fara bin hanya ba. Jugu da Paraku ayarin goro ne ya raya su, tsakanin Gwanja da Kano, shi ya sa har yau ake da unguwar Wangara a Jugu da Zango a Paraku. Baturen nan Clapperton, da ya ratsa Borgu a 1826, ya tarar da ayarin Hausawa a Kayama mai mutum sama da 1,000, maza da mata, sun fito daga Gwanja. Kakanninmu mata sun taka wannan hanya da ƙafa da kaya a ka na tsawon watanni. Jikokinsu ne yau ake ce wa ba za su iya zama a kujera su murza sitiyari ba.

Yanzu mu zo kan abin da ya shafi aljihunmu kai tsaye, domin mun san ɗan kasuwa ba ya sayen magana sai ya ga riba.

Rayuwarmu a nan a kan taya take. Layin dogon da ya taso daga Kwatano a Paraku ya tsaya, daga nan kaya sai mota, ko zuwa Malanbil da Gaya, ko zuwa Jugu da Natitingu da iyakar Togo, ko gabas zuwa Nijeriya. Shekara da shekaru motocin gwanjo da ake saukewa a tashar jiragen ruwan Kwatano ta ƙofar gidajenmu suke wucewa. To amma kowa ya ga yadda cinikin iyaka ya zama. A Janairun 2017 Nijeriya ta hana shigar da motoci ta ƙasa. A Agustan 2019 ta rufe iyakokinta sai Disambar 2020. A Mayun 2023 ta cire tallafin mai, farashin kpayo ya tashi a dare ɗaya. Bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023 aka toshe gadar Malanbil, manyan motoci suka yi layi na kilomitoci, albasa da sauran kaya suka ruɓe a ciki. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta gidan da ya dogara da kai-da-kawon mutum ɗaya shi ya fara kwana da yunwa. Wanda bai rasa na cefane ba shi ne mai sana'ar hannu, domin ko iyaka a rufe ko a buɗe tsohuwar mota sai ta lalace, kuma idan babu kuɗin sayen sabuwa sai a ƙara yawan zuwa gareji.

Duk da haka dubi yadda muke rabon 'ya'yanmu. Namiji idan boko ya ƙi, a kai shi gareji ko walda ko a haɗa shi da direba, uba ya biya kuɗin koyo, ya biya na bikin yaye, ya saya masa akwatin sifana, wani ma ya saya masa mota ya riƙa biya a hankali. Mace kuwa ɗinki ko kitso, in ba haka ba talla har miji ya fito. Ɗinki da kitso sana'o'i ne masu daraja, amma a wace unguwa ce a Paraku ba za ka ƙirga shagunan tela biyar a layi ɗaya ba, duk suna jiran sallah? Muna tura 'yan mata goma su raba cinikin mutum biyu, alhali ga wani fage can babu kowa.

Fagen kuwa ya canza. Gyaran motar da muka sani da, na ɗaga giyabos da ƙirji, yana raguwa. Motocin da ke shigowa yanzu cike suke da waya da na'ura, sai an jona musu kwamfuta ta faɗi inda ciwon yake, kuma da Faransanci ko Turanci take faɗa. Makanikai da yawa da muke girmamawa, gwanaye a kan Fijo 504 da 505, idan aka kawo musu irin waɗannan sai su yi ta canza kaya ana biya har a dace. Yarinyar da ta kai aji huɗu na sakandare, ta iya karatu da lissafi, ta fi kusa da wannan aiki fiye da ƙaton da bai taɓa riƙe alli ba. Baburan lantarki ma sun fara shigowa ƙasar ta kudu. Wa zai gyara su idan sun iso nan? Ga kuma shagon kayan gyara, wanda ciniki ne tsantsa irin wanda matanmu suka gada, sai dai yana son wadda ta san bambancin na asali da jabu. Gwamnati kuma tana da jarrabawar sana'a da take ba masu koyo takardar shaida, ba ta ce ta maza ce kaɗai ba. Lasin tuƙin ƙaramar mota daga shekara 18 ne, shi ma haka.

Maƙwabtanmu sun riga mu. A Nijeriya Sandra Aguebor, 'yar birnin Benin na can, ta fara koyon gyaran mota tun tana yarinya, a 2004 ta kafa ƙungiyar koya wa mata kanikanci. Wanda zai ce ai ita 'yar kudu ce, ya je Sakkwato, birnin Shehu, inda ƙungiyar Nana ta buɗe garejin da 'yan mata ke gyaran mota da hijabinsu a kan rigar aiki. Wannan ya amsa babbar damuwar iyaye, wadda mu ma muka ɗauke ta da muhimmanci, wato zaman yarinya ita kaɗai a tsakiyar samari a gareji daga safe har magariba, da irin bakin da ake yi a wurin. Maganinsa ba hana ta ba ne. A haɗa su uku ko huɗu a wurin maigida ɗaya dattijo wanda aka sani, a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da limami, a sa lokacin tashi. In suka ƙware su buɗe nasu, na bayansu su koya a wurinsu. Kuma a tuna akwai kasuwar da ke jiransu: Hajiyar da ke da mota ba ta son zaman gareji cikin maza, da maigidan da zai fi samun natsuwa idan mace ce za ta kai iyalinsa asibiti ko biki a Jugu.

Sai maganar aure, wadda ita ce a ƙarƙashin duk sauran. Ana cewa wa zai auri mai baƙin mai a farce. Mu dai a zangunan nan ba mu taɓa ganin macen da ke da sana'a mai kawo kuɗi ta rasa manema ba. Abin da muka fi gani shi ne wadda aka sako da 'ya'ya uku ba ta da abin yi, ta dawo ɗakin uwarta.

Akwai kuma masu cewa hatsari. A nan ne ya kamata mu ji kunya. A ranar 18 ga Fabrairu 2001 babban gwanin NASCAR, Dale Earnhardt, ya mutu a zagayen ƙarshe na Daytona 500. Hukumar wasan ta tilasta wa kowane direba sa abin da ke riƙe wuya da kai, aka sake ginin katangar fili yadda za ta sha bugu, aka ƙara ƙarfin kujeru. Aka yi sama da shekara 20 ba a sake rasa direba a babban rukunin ba, ga shi ana gudun kilomita 300. Mu kuwa a ranar 29 ga Janairu 2023 motar safa da ta taso daga Paraku ta yi karo da babbar mota a Dasa, wuta ta tashi, sama da mutum 20 suka rasu. A ranar 23 ga Satumba na wannan shekarar rumbun kpayo ya kama wuta a Seme-Krake, sama da 30 suka tafi. Sanarwar rasuwa nawa muke karantawa a rediyo wadda ƙarshenta hatsarin hanya ne? Da hukuma ta matsa a kan hular kwano a 2024, ƙorafi muka yi ta yi. Kuma 'ya'yanmu mata suna cikin waɗannan motoci kullum a matsayin fasinja, ransu a hannun yaron da ya koyi tuƙi a tasha ya sha ƙwaya don kada ya yi barci. Ba mu ce hatsari ba sai da aka ce ita ce za ta riƙe sitiyarin.

Gudun ma muna da namu, sai dai ba shi da alƙali. Ranar ɗaurin aure samari su hau babura da motoci suna juyi a tsakiyar titi cikin yara da tsofaffi, kamar yadda ake yi a Kano da Sakkwato, sai an karya wani a ce tsautsayi. Alhali mu ne mutanen da suka san yadda ake tsara sukuwa. A bikin Gani na Nikki, da hawan dawaki a Jugu da Paraku, akwai fili, akwai manya masu tsawatarwa, akwai inda ɗan kallo ke tsayawa, yaro kuma tun yana ƙarami ake ɗora shi a sirdi a gaban ubansa. Abin da Bill France ya yi wa motoci a 1948 kenan, ba wani sihiri ba. Ƙungiyoyin direbobi da na makanikai da na masu kayan gyara za su iya neman magajin gari ya ba su fili a bayan gari, ko sau ɗaya a wata, a kafa tayoyi, a sa hular kwano, a yi gasar gwaninta: wa zai ratsa tsakanin tayoyi bai taɓa ko ɗaya ba, wa zai ja da baya da tirela, wa zai tsaya daidai kan layi, wa zai gano ciwon inji cikin minti kaɗan. 'Yan kasuwa su sa lada, buhun shinkafa ko akwatin sifana ko kuɗin lasin, a kira sunan shagonsu a lasifika, wanda shi ne dai abin da kamfanonin Amurka ke biyan miliyoyi a kansa. Sharaɗinmu ɗaya ne, a rubuta tun ranar farko cewa 'yan mata suna cikin masu shiga, kuma ladan ɗaya ne.

Ba kowace yarinya ce ke son wannan ba, kuma ba ma cewa a tilasta wa kowa. A cikin ashirin wataƙila ɗaya ce. Amma kowane uba ya san ta idan tana gidansa: ita ce ke tsugunawa kusa da mai gyaran janareto tana miƙa masa sukuddireba, ita ce ke jin ƙarar babur ɗin yayanta ta ce fulogi ne, ita ce aka kora daga gaban mota sau goma ta dawo. Alhaji, idan kana da irinta, kuɗin da za ka kai ta makarantar tuƙi da na shekarun koyo a gareji ka auna su da abin da kake shirin kashewa a kan gado da kujeru da kwanukan jere na ɗakinta. Hajiya, ke kuma kwasar adashi ɗaya ta isa akwatin sifana na farko.